Nomau da Damtsen Tasalla

A Unguwar Kanya akwai wani mutum, Nomau. Zana ɗaya ce ta raba gidana da nasa, don haka abin da zan faɗa muku da idona na gani. Mutumin kirki ne, ga ƙarfi kamar sa, sai dai abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Matarsa Hansai ce ke riƙe da gidan. 'Yarsu ɗaya, Tasalla, tun da aka yaye ta take ramewa. Ranar awo malamar asibiti ta naɗa mata abin awo a damtse, ya tsaya daf da ja, alamar haɗari. Ta ce, "Sati huɗu na ba ku. Ƙwai, wake, gyaɗa, ganye. In ya shiga ja, sai gadon asibiti a birni." Ga gero bai nuna ba, rumbu ya yi ƙasa, kuɗin da ke ƙulle a bakin zanen Hansai kuwa ba su taka kara sun karya ba.

Wata rana, ran kasuwa, Hansai ta ba shi rabin kuɗin. "Baban Tasalla, kada ka sayi komai sai ka zagaya ka ji farashin kowa." Nomau ya fara da 'yan wake, ya bi 'yan tukwane, ya shiga kara, wajen shanu, ya taya bijimi. Har mai facin keke bai tsira ba. La'asar sakaliya ya komo layin wake, ya tarar an kwashe.

"Ina cefanen?"

"Saura mutum biyu ban ji nasu ba, sun tashi."

Satin nan koko tsura Tasalla ta sha.

Wata rana kasuwa ta sake ci. Hansai ta ce, "Yau ban da yawo. Sayo abin da ya fi araha, wanda zai kai mu wata bai lalace ba." Ai kuwa da hantsi sai ga shi yana fara'a, da ƙunshi a ka. Gishiri ne, na kuɗin duka.

"Inna lillahi! Gishiri yarinyar za ta ci?"

"Shekara ma zai kai, mai shi ya rantse mini."

Ta cikin zana na ji kukanta. Na miƙa musu wake gwangwani biyu, ni ma iyakar abin da nake da shi ke nan.

Wata rana Hansai za ta rijiya. Kaza ɗaya gare su, ita ke ba Tasalla ƙwai, amma ta koyi zuwa maƙwabta. "Kada ka bar kazar nan ta fita," in ji ta. Nomau ya kife ta da tukunya a tsakar rana, ya zauna a kai. Kai, wannan bawan Allah! Ko da aka ɗaga, kaza ta sandare, ko yanka ba a samu yi ba. Lokacin gashin Tasalla ya fara ja, ta daina ma kuka, sai dai ta bi ka da ido. Saura sati biyu awo.

Wata rana fara ta sauka a gonarsu, ba su da na maganin feshi. Hansai dai so take ya ba ta wuri. "Tafi gona. Kada ka bar ko fara ɗaya a ciki." Wani da gwangwani zai kaɗa ya kore su. Nomau ya kora, suka dawo. Sai ya lura da sassafe raɓa na hana su tashi, ya bi kara ɗaya bayan ɗaya yana tsinta yana jefawa a buhu. Ya rasa inda zai zubar, don ko'ina gonar wani ce, sai ya sungumo buhun ya dire a gaban Hansai.

Ta buɗe baki za ta yi masifa, ta leƙa, ta fasa. Farar da ake sayarwa da tsada a kasuwa, ga ta rabin buhu! Ta fige, ta tafasa, ta shanya, ta daka ta zuba a kunu. Saura ta soya ta yi musaya da gyaɗa da zogale. Kullum da safe Nomau na gona, kullum da buhunsa.

Ranar awo na raka su. Malama ta naɗa, ta ja, ta sake dubawa. "Ya bar bakin ja. Ku koma gida, ku ci gaba da abin da kuke ba ta." Hansai ta zauna a ƙasa, ta rungume 'yarta tana hawaye.

Nomau ya ga tana kuka, ya tsuguna a gefenta.

"Ki yi haƙuri, Hansai. Guda uku ne suka rage a gonar, sun hau bishiyar kuka ban kai ba. Gobe zan kamo su."