Piyano Uku a Kan Bene

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba a shekarar 1999 ba, ranar da na tara mutum biyu a gidana don in koya musu sauraro.

Sai na fara faɗin wanda nake, don a san daga wane tsayi na faɗo. Shekara talatin na yi ina aikin tafinta. Na zauna a Khartum, na zauna a Dakar, na yi shekara biyu a Bon ta Jamus ina shan sanyi. Ina jin Larabci da Faransanci da Turanci, da Jamusanci daidai na sayen burodi da neman hanya. Da na yi ritaya na dawo gidanmu a cikin birnin Zariya da akwatuna tara da wata cuta guda, wato kwatance. Ko kosai aka ba ni sai na faɗi yadda ake yin irinsa a Misira.

Ƙanwata Hajiya Binta tana da makarantar firamare a Tudun Jukun. Malamanta suka tsara wa makarantar take, ana so a ɗauki kiɗansa a kaset don yara su rera a bikin raba kyaututtuka. Ta ce za ta kai wa masu situdiyo a Sabon Gari. Na hana ta. Na ce a gidan da akwai kwamfuta da mutumin da ya shiga zauren kiɗa a birnin Biyana na Turai, ba a kai aiki Sabon Gari. (Na shiga ɗin, gaskiya ne. Na yi barci a rabi na biyu, wannan ma gaskiya ne.)

Ina da ɗan allon kiɗa mai maɓallai irin na piyano da na sayo a Jidda, mai aiki da batir, kuma wani abokina ya aiko mini da faifai uku daga Landan. Kowane faifai manhaja ce ta piyano: an naɗi sautin piyano na gaske, sai ka danna allonka kwamfuta ta fitar da muryarsa. Ɗaya na Jamus, ɗaya na Faransa, ɗaya na Japan. Aikina kawai in zaɓi ɗaya in ɗauki taken. Sati uku na yi ina zaɓe. Kullum bayan azahar in hau bene, in ajiye allon gaban lasifikan kwamfuta, in buɗe wannan in taɓa, in buɗe wancan in taɓa, ina rubuta ra'ayina a littafi. Na cika shafi goma sha ɗaya.

Ran Talata Binta ta zo da kanta. "Yaya, bikin fa Asabar ne. Yaran nan da tafi suke gwaji."

Na ce mata zaɓen piyano ba zaɓen atamfa ba ne, ta dawo gobe ta ji da kunnenta. Na kuma aika wa Malam Yohanna, abokina tun muna 'yan makarantar midil, wanda ya shekara ashirin yana buga piyanon coci a Wusasa. Ni da yatsa biyu nake kiɗa, shi ne zai buga taken.

Suka zo bayan azahar. Yohanna ya zauna gaban allon, ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Tafinta, wannan ɗan abin ne muka hawo bene dominsa?"

"Wannan dai hannu ne," na ce. "Muryar tana cikin kwamfuta."

Na buɗe na Faransa, ya buga baiti ɗaya. Na yi musu bayani cewa su lura da laushinsa, kamar yadda Bafaranshe ke haɗiye ƙarshen kalma. Na buɗe na Japan, ya sake bugawa. Na ce wannan tsaf yake, ba ƙura, amma ba shi da zuciya, kamar otal ɗin da na taɓa kwana a Osaka. Binta ta ce ita duk ɗaya take ji. Na yi mata murmushin da ake yi wa wanda bai taɓa wuce Kaduna ba.

Yohanna ya yi ta danna wani maɓalli can sama, yana karkata kai. "Wannan yana da ɗan zirr, kamar gwangwani. Na Faransan ma yana da shi. Ko masassaƙi ɗaya ne ya yi wa ƙasashen biyu aiki?"

Na ce masa kunnen coci ne ke damunsa, ya jira na Jamus.

Na buɗe na Jamus, na ce ya buga taken tun daga farko har ƙarshe. Na jingina, na rufe ido, na ɗaga hannu ɗaya. Ina ta magana a kan kiɗan: su ji nauyi, su ji zurfi, itacen nan a dajin da ake ƙanƙara ya girma, ba za ka sami wannan a Japan ba ko ka shekara kana nema. Har na jefa kalma biyu na Jamusanci. Na ji fanka ta rage gudu, ban kula ba. Kiɗa na tafiya, ni ma ina tafiya.

"Yaya," in ji Binta.

"Bari ya kai ƙarshe."

"Yaya, an ɗauke wuta."

Na buɗe ido. Fuskar kwamfuta baƙi ƙirin. Fanka ta tsaya. Piyanon Jamus kuwa yana nan yana ta rera taken makaranta da nauyinsa da zurfinsa, daga ɗan lasifikan allon Jidda.

Yohanna bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshen baitin (mutum ne mai kammala aiki). Sannan ya leƙa bayan tebur, ya zaro wayar da ya kamata ta haɗa allon da kwamfuta. Tana cikin ledarta, ko ƙullin ba a kwance ba. Ya ajiye mini ita a kan littafin ra'ayina, a hankali, kamar mai ajiye goron gaisuwa.

"Wanne ka zaɓa ke nan?" ya tambaya.

Da harsuna huɗu da rabi a bakina, ban sami ko ɗaya ba.

Binta ba ta yi dariya ba, wanda ya fi dariyar ciwo. Ta sauka ƙasa, ta karɓo rediyo mai kaset mai batir daga wajen mai ɗakina, ta sa sabon kaset, ta ajiye shi gaban allon. Ta ce wa Yohanna ya buga, ta ce mini in riƙe ƙofa kada iska ta buga ta. Minti huɗu aka gama. Ran Asabar yara suka rera takensu, iyaye suka tafa, ni ina kujerar baya na ce ina mura.

Har yau ban bar kwatance ba, tsufa ya riga ya kama ni da halin. Amma yanzu kafin in buɗe baki in faɗi bambancin abu biyu, nakan fara leƙa bayan tebur in tabbatar su biyun ne.