Ranar da na ƙarfafa tattasan surukina

Zafin bara ya sa tattasai zubar da fure a fadamarmu ta Gummi, sai na sayo ruwan ciyawar teku da ake fesa wa shuka ta jure zafi. Na tara maƙwabta na yi musu lacca kamar ni na haƙa tekun. Don neman suna, na fara da gonar surukina.

"Baba, koma inuwa, ka fara tanadin buhuna."

Ashe injin feshin da na goya, da shi na fesa maganin kashe ciyawa, ban wanke ba. Kafin Juma'a tattasan ya ƙone ƙurmus.

Har yau, duk wanda ciyawa ta dame shi sai ya ƙwala mini kira: "Likita, taho ka ƙarfafa muna ita!"