Kwana Ukun Baba Kambai

"Mu lafiya lau muka kwana, amarya. Ke ce dai na ga kin rame. Duk kewata ce haka?"

"Yunwa ce, maigida. Wanda ya aure ni bai iya cefane ba, sai yawo da tsohuwar jaka kamar mai tallan maganin basir."

Haka na tarar da su a barandar ofishin dabbobi na Kafanchan, wata safiyar Talata a 1977, na kai akuyata allura. Baba Kambai ne, tsohon maharbi, maƙwabcinmu a Kagoro, da jikarsa Clara, wadda ta gama makarantar dabbobi aka ba ta aikin taimakon likita. Tun tana goye yake kiranta matarsa, ita kuma tun da bakinta ya buɗe ba ta taɓa raga masa ba. Ni Roseline na san halinsu sarai, don haka na ɗaure akuya a jikin ginshiƙi na nemi benci. Allura ta jira.

A wajenmu karen farauta ba ya yawo da wutsiya. Tun yana ɗan kwikwiyo ake gutsure ta, wai kada ƙaya ta yage ta, kada kuma gwaggon biri ya samu abin kamawa a kan dutse. Kare mai wutsiya karen murhu ne, na lasar tukunya, maharbin da ya fito da shi kuwa ya shirya shan dariya har shekara ta zagayo. To amma da wuƙa ake yankewa a gida, kwikwiyo nawa jini ya kwashe, nawa ciwon ya ruɓe. Shi ya sa sabon likitan ofishin ya kafa doka, har aka karanta mana a coci bayan sujada. Ba a yanka sai a ofis, sai kwikwiyon da bai wuce kwana biyar ba, kuma mai shi ya kawo shaidar cewa shi maharbi ne.

Baba Kambai ya zo da shirinsa, ba wasa. Ya zaro takardar dagaci mai ɗauke da dangwalen yatsa, ya zaro lasin bindiga, ya jera su a kan tebur yana wani ɗaga kai. Ya ce a gaya wa likita yau ga mutumin da ya fi gwamnati sanin doka. Clara ta ce likita ya tafi rigakafin shanu, ita ce gwamnati har azahar.

"Gwamnatin da na share wa majina?"

"Ita ce. Wannan hoton na lasin, kai ne ko wanda ka gada? Na ga yana da haƙora."

"Damisa ce ta cinye su. Na cije ta a wuya, suka tafi tare."

"Bara ka ce atishawa ka yi ta faɗi matacciya."

"Wannan ƙanwarta ce."

Na yi dariya har akuya ta tsorata. Clara ta ce damisoshin nan duk dariya ce ta kashe su, da suka ga abin da aka turo musu a matsayin maharbi. Shi kuma ya ce ta ci gaba da raina shi, gobe zai mai da ta gidan ubanta ya karɓi akuyoyinsa. Ta ce akuyoyin da har yau ba wanda ya ji kukansu. Daga nan ta ce to a fito da mai ƙarar, ta ga wutsiyar da aka taso tun daga Kagoro dominta.

Ya sa hannu biyu cikin jaka ya fito da shi a hankali. Ɗan kwikwiyo ja, tuɓul-tuɓul, mai farin goshi, idanu tar a buɗe. Aka ajiye shi a tebur ya fara rarrafe yana tangaɗi, ya kama yatsar Clara yana tsotsa.

"Kwanansa nawa?"

"Uku. Yau Talata ko? Uku cif."

"Maigida, ka ji tsoron Ubangiji. Wannan da za a sa shi firamare ya ci jarrabawa."

Ya rantse shi ba ya ƙarya a ofishin gwamnati, ya juyo ya ce ga Roseline nan a tambaye ta. Ni kuwa da ya bar ni na yi shiru, domin a ƙarƙashin rumbuna karyarsa Ƙyale ta haihu. Na ce Baba, ranar Lahadin godiyar kaka ce, mun dawo coci muka ji kukansa. Clara ta je gaban kalanda ta bi da yatsa. Kwana goma sha shida.

Abin mamaki, tsohon bai musa ba ko kaɗan. Cewa ya yi e, ranar ce uwar ta sauke shi, amma wa ke ƙirga wannan? A wajen maharba kare bai zo duniya ba sai ranar da ya buɗe ido, haka ubansa ya ƙirga, haka kakansa. Ashe shi ya sa kullum nake ganinsa tsugune a gindin rumbuna, ni ina zaton dawata yake wa ƙyashi. Jiran ido yake. Ranar Asabar suka buɗe, ya yi ƙulli a igiya, ya nufi gidan dagaci neman takarda, yana sauri kada kwana biyar ta cika.

"Wanda bai ga duniya ba, ta yaya za ki ce ya zo ta?"

"To kai da ba ka ganin lambar waƙa a coci sai Fasto ya faɗa, ka koma ke nan? In sa a daina ƙirga naka?"

"Ni na gama ganin duniya ne, na ga har da ke, shi ya sa idon ya yi fushi."

Muka sake kwashewa. Amma da dariya ta lafa Clara ta ce masa gaskiya, doka daga ranar haihuwa take ƙirga, kuma ba za ta yanka ba. Ya yi lallashi, ya ce wace irin mata ce ba ta rufa wa mijinta asiri. Ya ce ta rubuta uku, takarda ai ba ta da ido. Ta ƙi. Sai fuskarsa ta canza. Ya ce Ƙyale ta tsufa, wannan kaɗai ta haifa, kuma da wuya ta sake. Irin karnukan gidansu ke nan tun zamanin kakansa, ba a taɓa ganin ɗaya da wutsiya ba, ba kuma a kansa za a fara ba. Ya laluba ƙugunsa ya fito da wata 'yar wuƙa mai ƙotar ƙaho, ya ce da ita ubansa ya yi, in gwamnati ta ƙi, gida na nan.

Na san zai aikata. Clara ba ta yi faɗa ba. Ta kama yatsarsa ta ɗora a gindin wutsiyar ta ce ya matsa kaɗan. Kwikwiyon ya yi ƙara. Ta ce ya ji ƙashi ya yi ƙwari, jijiya ta cika. A watan jiya kaɗai uku aka kawo mata irin wannan bayan an yanka a gida, ɗaya ne ya rayu.

"Kaka," in ji ta, kuma ban taɓa jin ta kira shi haka ba. "In ya rayu ma, wa zai hau dutse da shi?"

Tsohon ya shafa goshin kwikwiyon. Wallahi tausayinsa ya kama ni, don duk unguwa mun san amsar, ba dai wanda ya taɓa faɗa a gabansa.

"Shekara biyu ke nan," ya ce. "Gwiwa ta ƙi. Ina rakiyar maharba zuwa gindin dutse in dawo."

"To ka ga. Kai kana zaune a ƙofa, shi yana zaune a ƙofa. In ka dawo coci, da me kake so ya yi maka sannu da zuwa? Ni dai ka san ba zan yi ba."

Ya ɗago ya dube ta, sai dariya ta ƙwace masa har da tari. Ya ce shi dai an cuce shi, ya auri dokar gwamnati da hannunsa. Ta ce ai bai gama aura ba, tana nan tana jira.

Ya juya wuƙar ya miƙa mata ta wajen ƙota.

"Ungo sadakinki. Ta kakana ce, ba a taɓa ba mace ba. Ki ɓoye ta inda ba zan gani ba."

"Ko a kan hancinka na ajiye ba za ka gani ba."

Haka ta faɗa, amma da hannu biyu ta karɓa, har da rusunawa. Ya tattara takardunsa ya cusa a jaka. Kwikwiyon kuwa bai mai da shi ciki ba, a kafaɗa ya ɗora shi. Na ce Baba, ka bi ta bayan kasuwa, yau maharban Kagoro na tasha suna sai da nama. Ya ce ta tashar zai bi, su kalla tun yau su gama dariyarsu. Ya sauka daga baranda yana dogara sanda, 'yar wutsiyar tana kaɗawa tana bugunsa a haɓa.