Banda Taba

Ba zan taɓa mantawa da wannan bazarar ba. Zafi aka yi a Daura irin wanda ko kaji sai sun buɗe baki suke numfashi. Famfon unguwarmu ya ƙafe, mai garuwa ya zama kamar hakimi, sai ka gaishe shi da ladabi kafin ya dubi ƙofar gidanka. Ruwan da na wanke shinkafa shi nake ba akuya, na wanki kuma a yayyafa wa tsakar gida. A shekarar ne kuma na gama ajin yaƙi da jahilci, ina ji da karatuna, ko ledar burodi na gani sai na tsaya na haɗa baƙaƙenta.

Ɗana na fari (ku yi mini uzuri, ba na kama sunansa, mu ce mai famfo) ya dawo daga koyon aikin famfo a Kano, ya daɗe yana gyaran 'yan ƙananan abubuwa. Sai Allah ya kawo masa babban aiki. Wani Alhaji ya gina gida a hanyar Zango, har da wurin ninkaya, katafaren rami da aka shafe da tayil shuɗi. Yaron ya dawo yana ba ni labari.

"Inna, na'ura na sa masa wadda take cika shi da kanta. In rana ta shanye ruwan ya yi ƙasa, sai ta buɗe. In ya cika ta rufe. Alhaji ya ce in ta yi kyau, ni zan yi aikin famfon masaukin baƙin da yake ginawa."

Na ce Allah ya sa albarka. A raina kuwa na zana wata ƙatuwar aba kamar injin niƙa, da fitilu ja da kore.

Ana nan Alhajin ya tashi aurar da 'yarsa. Lokacin shari'ar Musulunci ta zauna, an bar kiɗan biki, walima za a yi ta mata zalla a bakin ruwan nan, malama ta yi wa'azi a ci abinci. Ƙawata Uwani, mai kwangilar girkin biki, ta ɗauke ni cikin masu taya ta. Muka kafa murahu a bayan gida tun ana jibi walima. Tankin kicin sai ka zagaya, ga kuma ruwa shimfiɗe a gabanmu, don haka muka sa wa wurin suna kududdufin Alhaji, muka dinga kamfata da bokiti muna wanke tukwane.

Da la'asar na je ɗiba ni kaɗai sai na ji huci. Tsiiii, daga ƙarƙashin wani murfi a gefen ramin. Mu da muka tashi da labarin macijin Kusugu, ba ma wasa da huci a bakin ruwa. Na ja da baya na yi addu'a, sannan na lura an yi rubutu da jan fenti a kan murfin. Na gyara tsayuwa na haɗa: BANDA TABA.

Wallahi har daɗi na ji. Na ce Allah ya saka wa Alhaji, gidansa ko sigari ba a sha. Malamarmu ta sha ja mana kunne cewa ba daban, ɓa daban, mai lanƙwasa ba ta zama marar lanƙwasa. Wannan kuwa b ɗinta miƙe take sarai. Ni ba na shan taba, ba na cin ta, ko furenta ban taɓa gogawa a haƙori ba. Saboda haka rubutun bai shafe ni ba.

Na sa muciya na ɗaga murfin. Babu maciji. Wani ɗan rami ne da bututu, ruwa na tsartuwa, ga wata ƙwallon roba a jikin ɗan ƙarfe tana reto. Ruwa na zuba babu mai tara! A wannan bazarar! Na sa hannu ina neman wurin murɗawa, sai na ɗaga ƙwallon bisa kuskure, ruwan ya tsaya cak. Na sake ta, ya dawo. Na ce to, na gano ki. Na yagi bakin ɗankwalina, wata atamfa mai zanen tattabaru, na ɗaure ƙwallon sama tamau, na mayar da murfi. Na tafi ina jin na samu lada ba da sanin kowa ba.

Washegari muka ci gaba da kamfata, rana ma tana nata. Kafin ranar walima ruwa ya sauka ƙasa da bakin da injin tace ruwan wurin yake zuƙa, injin ya kama gurnani kamar raƙumin da aka yi wa lodi. Da hantsi muka ji ana "Gafaranku dai, maza za su shigo!" Kowa ta jawo mayafi. Sai ga Alhaji, ga mai famfo a bayansa da jakar kayan aiki, fuskarsa duk gumi.

"Kai ka ce mini da kanta take cika," in ji Alhaji. "To ina cikar? Yau baƙi za su zo. In ba ka iya ba ka faɗa mini in aika Kano."

Yaron ya hau tanki, ruwa maƙil. Ya duba rijiyar burtsatse, lafiya lau. Ya bi bututu yana ƙwanƙwasawa yana kara kunne, har ya fara tona ƙasa ko ya fashe. Ni ina tuƙa tuwo amma hankalina na wurinsa. Ko kusa ban kawo ƙwallona a rai ba, ai ni ɗigar ruwa na tsayar, na'ura kuwa ban ma ga inda aka ajiye ta ba.

Uwani ta raɗa mini, "Anya ba hassada ba ce? Masu famfon garin nan fa ba su ji daɗi ba."

Duk wanda ya san ni ya san ba na ɗaga murya, kuma a gaban mutane ko kallon ɗan fari ba na yi. Amma ranar kunya ta gudu ta bar ni. Na miƙe da muciya a hannu.

"Alhaji, yaron nan ya san aikinsa. Wannan hannun maƙiyi ne. Duk wanda ya yi masa wannan, Allah ya tona asirinsa a gaban jama'a, yau ba gobe ba!"

Mata suka amsa, "Amin!"

Ban taɓa ganin addu'ar da aka karɓa da sauri haka ba. Yaron ya zo wurin murfin nan (ashe ya bar shi ƙarshe ne, don ya tabbata babu mai buɗewa), ya ɗaga, ya ga ƙwallon a ɗaure. Ya kwance abin a hankali, ruwa ya ce tsiiii. Ya ɗago ƙyallen, tattabara guda da rabi. Ya dube shi, ya dubi kaina inda sauran tattabarun suke zaune, ya yi maza zai cusa shi aljihu.

Uwani ce ta riga shi. "Laa! Wannan ba ɗankwalinki ba ne?"

Da ƙasa za ta tsage da na gode mata. Murya can ciki na ce, "To ina na'urar take?"

"Ita ce kika ɗaure, Inna."

"Wannan 'yar ƙwallon?"

"Ita ce. Ba ki ga rubutu ba? Na ce banda taɓa."

"Taba ka rubuta," na ce, ina kallon yatsun ƙafata. "Ba ka sa mata lanƙwasa ba."

Hajiya uwar amarya ce ta fara dariya, ta riƙe ciki ta zauna a kan turmi. Alhaji ya juya baya wai shi mai kamun kai, amma kafaɗunsa na rawa. Da ya samu numfashi ya ce, "Malam, aikinka ya yi, har ma an gwada mana shi. Masauki naka ne. Amma Inna za ta dinga duba maka rubutu." Aka hana mu kamfata, ƙwallo ta yi aikinta, kafin mata su taru ruwa ya hau. Ni kuwa daga ranar Uwani ba ta sake kira na da sunana ba, sai Injiniya.

Na koyi cewa kafin ka roƙi Allah ya tona asirin wani, ka fara shafa kanka ka ji ko ɗankwalinka cikakke ne. Washegarin walima da safe muka koma kwashe tukwane. Na roƙi maigadin gidan ragowar jan fentin, na sami tsinke, na tsuguna na yi wa harafin nan lanƙwasarsa. Murfin kuwa ko da gefen zanena ban bari na taɓa shi ba.