Yadda Ake Auna Ƙibar Aladiya a Gaban Suruki

A gindin rumbun masara, nan jiharmu ta Iowa, aka ƙulla maganar. Tsoho Orval Hekstra ya dubi Curtis, mai sayar da tayar mota da ke neman 'yarsa Darla, ya ce, "Kai ɗan birni, shiga garke ka nuna min aladiyar da ta rame da wadda kitse ya yi wa yawa. In ka iya, a sa ranar biki." Curtis bai taɓa taɓa alade ba sai a faranti, amma ya ba shi hannu, sannan ya garzayo wurina. Abin da na koya masa shi zan koya maka. Bi shi daki-daki, na yi maka alkawari suruki zai rungume ka.

1. Kada ka toshe hanci

Tun daga ƙofa warin zai mare ka. Shaƙa, ka yi murmushi. In idonka ya kawo ruwa, ce gonar kakanka ka tuna.

2. Riƙe uku

Daga ɗaya zuwa biyar ake auna ƙibar aladiya. Ɗaya ƙashi da fata ce, ba ta da abin shayar da 'ya'ya. Biyar tulin kitse ce, ta sha wuyar haihuwa, ta kuma kwanta a kan abin da ta haifa. Uku ake so. To, me ya kai ka sauran? Duk wadda aka nuna maka, ce uku. Rabin masanan ƙasar nan da ukun suka tsufa.

3. Ɗora tafin hannu

'Yan sana'a ƙashin ƙugu da haƙarƙari suke dannawa. In sai an ɗan danna ake jin ƙashi, ta yi daidai. Kai ba dole ka ji komai ba. Danna, lumshe ido, gyaɗa kai a hankali. Ka tsaya ta gefe dai. Curtis ta baya ya tsaya, wandonsa shaida ne.

4. Lura da mai suna

Sauran aladu lamba ce a kunnensu. Wadda ake kira da suna 'yar gida ce. Ta Orval sunanta Bernadine, kullum da safe yana kai mata fanke a aljihu. Curtis ya danna ƙugunta, hannunsa ya nutse har wuyan hannu, ƙashi ko labarinsa babu.

"To, ɗan taya, nawa ka ba ta?" in ji Orval.

"Uku, Baba."

"Uku?"

"Uku cif. Ƙirarta ce mai faɗi."

Tsoho ya rungume shi da warinsa da komai, ya ƙwala wa matarsa kira: "Verna! Fito ki ji! Ga masani ya ce uku ce!"

5. Tambayi gonar ta wace ce

Nan ne Curtis bai tsaya ya ji ƙarshen karatuna ba, yana sauri. Gonar gadon Verna ce daga ubanta, kuma tun bara take faɗa a rage wa Bernadine abinci. Ta fito tana goge hannu, ta dubi aladiyar, ta dubi Curtis sama da ƙasa.

"Sannu, likita. Tunda uku ce, ranar da za ta haihu kai za ka tsuguna kana zaro 'ya'yan daga ƙarƙashinta."

"Mama, ai ni..."

"Ban haife ka ba tukuna. Wanda ya kasa gaya wa tsoho gaskiya a kan alade, me zai gaya wa 'yata?"

Bernadine ta ci riba, an ninka mata fanke. Orval ya samu shaida, har a coci yake ba da labari. Curtis ya samu rungumarsa kamar yadda na alkawarta, ranar biki kuwa tana hannun Verna, ita kuma ta ce sai ta ga 'ya'ya nawa suka tsira.

Saboda haka in ka bi matakan nan aka kore ka, ko aladiya ta taka ka, ko aure ya wargaje, kada ka nufo gidana. Rungumar suruki na yi maka alkawari. Uwar yarinya ba ta cikin cinikinmu.