Rumyana Jar Jita Ta Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, ni Zdravka, 'yar marigayi Parvan Gidikov, a madadin danginmu na birnin Burgas da na ƙauye, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa cinye dunduniyar takalminsa a rawar ƙungiyar kiɗa ta Shamuwa Huɗu, rasuwar yayata Rumyana, jar jita mai lantarki. Allah ya yi mata cikawa ranar bikin Waliyyi Nikola, ana tsakiyar cin kifi. Ta rasu tana da shekaru tsakanin hamsin da biyar zuwa saba'in, ya danganta da tsohon da ka tambaya.

Wanda bai san gidanmu ba zai yi mamakin jin na ce yaya. Tasowa na yi na tarar da ita. Baba kan ce ita ce 'yar farinsa, kuma ba ya murmushi in zai faɗa. In za mu ƙauye, ita ce a kujerar gaba an ɗaura mata bel, ni da Mama muna baya da kwandon barkono a cinya. Ina ƙarama na sha yin fushi da ita, kamar yadda kowace ƙanwa ke yi. Da na girma muka shirya.

Marigayiya mai murya ce. In Baba ya matsa wuyanta ta saki wannan "wiiiin" nata, sai ka ga ƙattin masunta sun juya baya suna gyara hula. In ya daki tsirkiyar ƙasa ta ce "gurrum", gilasan taga sai sun amsa. Ta cika filayen ƙwallo, ta haɗa aure ba adadi, ta kuma raba kaɗan. Ba ta da riƙo: in ka ɓata mata, nan take za ta ja ka da wuta, ta huce. Tsofaffi ba su manta da jami'in da gwamnati ta turo a can baya don ya auna tsawon gashin mawaƙa ba. Ya gama faɗansa, ya ɗora hannu a kan tsirkiyarta don ya nuna shi ne da iko, sai nasa gashin ya miƙe tsaye har ya ɗaga hularsa. Bai sake dawowa ba.

Tana da son jama'a. Ana tsakiyar waƙar soyayya, sai ta kamo wata tashar rediyo daga ƙetaren teku, ta shiga karanta wa masunta yanayin iska da Turkanci. Baba kan ɗauke hannu cikin ladabi har ta gama, sannan ya ci gaba daga inda ya tsaya.

A kan asalinta ne aka daɗe ana ta fama. Baba da kansa bai taimaka ba. Ya gaya wa wani ɗan jarida cewa a caca ya cinye ta daga hannun wani kyaftin ɗin jirgi Bagirke. Ya gaya wa wani cewa wata mai tafiya a kan igiya ce ta ba shi tana kuka. A talabijin kuwa cewa ya yi teku ce ta tofo ta bayan guguwa, tsirkiyoyinta a ɗaure tsaf. Duk wanda ya tambaya sai ya samu sabon labari, da zafinsa.

Cikin Shamuwa Huɗu mutum biyu suka rage: Kawu Gencho mai ganga da Baffa Trifon mai fiyano. Ba danginmu ba ne na jini, amma a kafaɗunsu na girma. Kawu Gencho ya rantse a Amurka aka haife ta, wani ma'aikacin jirgi ya shigo da ita a ɓoye cikin gangar kifi mai gishiri, Baba ya ba shi babur ɗinsa da rigar sanyi ya karɓe ta. Hujjarsa ita ce ta yi shekara biyu tana ƙarni, kuliyoyi na bin su duk garin da suka je wasa. Baffa Trifon ya ce ƙarya ce tsagwaronta, ƙarnin na rigar Gencho ne. A wajensa 'yar Cekoslovakiya ce, a kanti aka saye ta, Baba ya kankare sunan kamfanin da cokali ya rubuta nasa. Hujjarsa tana goshin marigayiya, inda aka rubuta AMERKA da farin fenti, an tsallake harafi ɗaya. Kawu Gencho ya ce haka Amurkawa ke rubutawa in suna sauri, mutane ne masu aiki da yawa.

Da Baba na raye, gardamar abin ci da giya ce kawai. Ranar da aka binne shi ta zama gaba. Kawu Gencho na jawabi a bakin kabari, ya ce an rasa sarkin jitar Amurka, Baffa Trifon ya yi wani tari wanda duk mai kunne ya ji Cekoslovakiya a cikinsa. Tun daga ranar ba su sake zama tebur ɗaya ba. In sun hango juna a kan titi, ɗaya ya tsallaka. Saƙo sai ta bakina: ki gaya wa wancan kurman, ki gaya wa wancan mai ƙarnin.

Abin ya tsaya mini a rai, domin a ciwonsa na ƙarshe Baba ya kama hannuna ya ce, "Zdravka, ki kula da yayarki. Tsofaffin nan biyu kuma kada ki bari su mutu ba sa magana." Na ce to, amma ya gaya mini gaskiyar inda ta fito. Sai ya ce in rufe taga, iska na shigowa.

Rumyana ta jima tana jinya. Ƙwaron katako ya shige ta, wuyanta ya soma karkata, in aka jona ta sai ta yi ta "zzzz" kamar tsohuwa mai gyangyaɗi. Ni ban iya kiɗa ba. Duk Lahadi nakan jona ta, in taɓa tsirkiya ɗaya, in zauna har sautin ya mutu. Ji nake kamar Baba ne ke hawowa matakala.

Bana na yanke shawarar cika alkawari. Na gayyaci Kawu Gencho cin kifin biki, ban gaya masa Baffa Trifon zai zo ba, shi ma haka. Na gasa babban kifi da shinkafa da gyaɗar bishiya a cikinsa, na fito da kwalbar barasar nan rakiya da Baba ya bari, na jingina marigayiya a kujerar Baba, a jone, don ta yi shaida. Gwaggo Paraskeva, yayar Baba, wadda ta haura tasa'in, ta zo daga ƙauye, na zaunar da ita tsakaninsu ta zama katanga.

Da farko abin ya yi kyau. Sun ci, sun sha, har Baffa Trifon ya miƙa gishiri wajen da Kawu Gencho yake, ko da yake bango yake kallo. A kofi na uku Baffa Trifon ya sa hannu a aljihun kwat ya zaro sukundireba. Ashe da shirinsa ya zo. Ya ce yau za a cire farar robar da ke ƙirjinta, a ga tambarin kamfani, kowa ya huta.

Kawu Gencho ya miƙe ya ce, "Ba a tuɓe 'yar mutane a gaban abinci, tsohon banza."

"Tsoro kake ji, mai ƙarni."

"Ni? Ni da na ɗauke ka a bayana daga birnin Sofiya kana amai?"

Baffa Trifon ya cafki gangar jikinta, Kawu Gencho ya cafki wuya. Ina roƙonsu da sunan Baba, ba su ji. Suka ja, suka ja. Marigayiya ta saki "wiiiin" mafi tsawo da na taɓa ji, har karen bene na ƙasa ya karɓa, ta ja su da wuta su biyu daidai wa daida, ba ta nuna bambanci ba. Sai muka ji "ɗas". Fis ɗin wutar benen duka ya ƙone. Kawu Gencho ya zauna daɓas a ƙasa da wuya a hannunsa, gangar jikin ta kufce wa Baffa Trifon ta faɗa tiren kifi. Rai ya yi halinsa.

Faɗuwar ta ɓalle farar robar. Muka leƙa mu duka. Babu tambarin Amurka, babu na Cekoslovakiya. Kafar mukulli ce, da zoben tagulla kewaye da ita.

Gwaggo Paraskeva ta sa tabarau, ta share shinkafar da ɗan yatsa, ta duba, ta koma ta zauna. Ta ce, "Ƙofar kabad ɗin uwarmu ce."

Ta ci gaba da cire ƙaya daga kifinta tana ba mu labari. Shekarar da Baba ya cika sha tara, aka dawo daga coci aka tarar ƙofar kabad ɗin kaya ta ɓace. Baba ne ya fara ihun ɓarayi. 'Yan kunnen zinariya na nan, rigunan sanyi na nan, ƙofa kawai aka ɗauka. Kakarmu ta rataya labule a wurin, ta rayu har ta mutu tana gaya wa baƙi cewa ɓarayin ƙauyensu mahaukata ne. Shi kuwa Baba ya yi lokacin sanyin nan kaf a rumfar awaki yana cewa karatu yake yi, yana fitowa da garin katako a gira. Da bazara ya tafi Burgas da wani abu nannaɗe a bargo.

Na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa faɗa ba.

"Wa ya tambaye ni, 'yar nan? Shekara sittin suna ihu a kaina, abin da nake ji kawai shi ne Paraskeva ƙaro burodi."

Na ɗauko yayata daga cikin kifi na rungume ta, man na bin hannuna. A nan kuka ya ƙwace mini. Sai a ranar na lura da sawun zarto a gefenta, karkatacce, irin na yaro mai sauri kada a kama shi. Duk ƙaryar kyaftin da ta teku, ashe kunya ce. Mutumin da ya tsaya gaban dubban mutane bai iya cewa shi ya yi ta da hannunsa a rumfar awaki ba. Ni kuma da nake ce mata yaya don bin bakin Baba, ashe 'yar gida ce ta haƙiƙa, ta girme ni, ta san ƙamshin rigunan kakata da ban taɓa gani ba.

Kawu Gencho ne ya fara magana, yana nan zaune a ƙasa. Ya ce shi dama ya sani, kabad ɗin ai daga Amurka kakan Parvan ya zo da shi. Baffa Trifon ya ce duk wanda ya san tagulla ya san wannan zoben aikin Cekoslovakiya ne. Gwaggo ta ce kawunta ne ya sassaƙa shi da itacen bayan gida, tana tsaye tana kallo. Tsofaffin biyu suka dubi juna, karo na farko tun binne Baba. Baffa Trifon ya rage murya ya ce tsufa ya soma taɓa baiwar Allah. Kawu Gencho ya ce shi ma ya lura tun ɗazu. Baffa Trifon ya miƙa masa hannu ya tashe shi. A tasi ɗaya suka tafi, direban ya ce har suka sauka suna zagin juna, kuma sun yi alkawarin haɗuwa da safe su ƙarasa.

Washegari na kai ta wurin mai gyara. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, gari ya zubo, ya cire hularsa ya ba ni haƙuri.

Marigayiya ta rasu ta bar mahaifiyarta, kabad, wadda ke nan da ranta a ƙauye da labulenta. Ta bar abokin zamanta na shekaru, tsohon lasifika, wanda kunnensa ɗaya ya daɗe da mutuwa, kuma har yanzu ba mu gaya masa ba. Ta bar tsirkiya biyar, ta shida ana nemanta a cikin ragowar kifi. Ta bar akwatinta, da ɗamararta ta fata, da ni ƙanwarta.

Iyali na neman gafarar mazauna benenmu da suka ci kifin biki babu wuta, da duk wanda marigayiya ta taɓa ja da lantarki. Ba da mugun nufi ba ne, sai a kan mutum ɗaya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. Za a tashi daga ƙofar benenmu, gindin bishiyar da aka manna wannan sanarwa, zuwa ƙauye, marigayiya a kujerar gaba. Kawu Gencho zai riƙe wuya, Baffa Trifon gangar jiki, kowa abin da ya cire. Ba za a haƙa rami ba. Za a kwantar da ita a cikin mahaifiyarta, a kan bargon kaka, ni zan ja labule. Limamin coci ya ce ba zai yi wa katako addu'a ba, amma zai zo cin abinci, kuma in an matsa masa zai yi waƙa, domin a rawar Shamuwa Huɗu ya haɗu da matarsa. Za a raba dafaffiyar alkama da zuma. An hana ambaton sunan kowace ƙasa kafin a gama ci, an kuma hana shigowa da sukundireba.

Roƙo na ƙarshe: duk wanda ya san inda wuyan marigayiya ya fito, don Allah ya haɗiye maganarsa sai bayan arba'in. Tun da muka mayar da Gwaggo ƙauye take zaune tana kallon teburin kicin, wanda ke tsaye a kan ƙafa uku da tulin bulo.

Allah ya jiƙan rai, ya ba mu haƙurin shirun da ta bari.