Kajin Surukai da Hatimin Yallaɓai

Jama'a, ranar Asabar kaji biyu suka rasa ransu a gidanmu na Masaka saboda bizata. Allah ya saka wa manyanmu.

Ni a firamare na tsaya, amma ina da sana'a: daga kan gadona nake yi wa hotunan motoci alama a kwamfuta, wani kamfanin ƙetare na biyana. Yayata da ke aure a wani tsibiri ta kusa haihuwa, ba kowa nata a kusa. Ƙasar tana ba masu aiki daga nesa biza, muddin ka nuna shaidar kana zuba kuɗin fansho a gida. Ina zubawa kuwa, kasona da na maigidan aiki duka, tunda maigidan nawa ba ya ganuwa.

Yallaɓai Mai Gadin Tsufanmu na hukumar fansho, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi, ya ce ba takarda sai sun ga wurin aikina da idonsu. Kunya ta hana ni gaya wa Gwaggo Nabbosa, wadda nake zaune wurinta.

Ranar Asabar sai ga shi da mutanensa biyu. To a wajenmu, maza uku sanye da kwat a ƙofar gwaggon budurwa, magana ɗaya ke kawo su: neman aure. Suka kira sunana, suka ce, "Nan Nakatudde take? Tana da ƙwazo kuwa?" Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Kafin in tattaro bakina, kaji sun shige ganyen ayaba ana turarawa. Na durƙusa na gaishe su kai a ƙasa, abin ya ƙara kama da gaske. Su kuwa ba su gyara mata zance ba. Masu tarbiyya ai ba sa magana da abinci a baki.

Sai da suka suɗe ƙashi Yallaɓai ya leƙa ɗakina. "Ba allon suna, ba maigida, ba abin kashe gobara. Yarinya, ba ki da aikin yi. Amma kar ki fasa zubi."

Nan Gwaggo ta gane. Ta datse ƙofa, ta cusa mabuɗi a zani.

"'Ya'yana, kajin surukai kuka ci. Wanne ne angon?"

"Haba Mama, dukanmu da iyali!"

"Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ko sadaki, ko takarda."

Ashe hatimin hukuma a aljihu yake kwana. A kan tiren abinci aka buga mini shi, har da maiƙo a gefe, kuma jiya ofishin jakadanci ya karɓa.

Maƙwabcinmu Ssebuliba, mai bin lasisin shago tun bara, ya zo aron Gwaggo da safen nan. Ta tambaye shi ko yana da 'ya budurwa. Ya ce a'a. Ta ce to ya koma layi.